Tauraron da ya ƙifta a Senegal: yaya aka auna curin ƙanƙara da inuwarsa kaɗai?

Malamin Kimiyya:
Assalamu alaikum 'yan zaure. Akwai wani aiki da aka yi a nan Afirka ta Yamma wanda labarinsa bai iso mu yadda ya kamata ba, na ce bari in kawo shi mu tattauna.

A daren 4 ga Agusta 2018, ana tsakiyar damina, masana daga Amurka da Faransa da Senegal suka bazu cikin karkarar Senegal da madubai na hangen taurari irin waɗanda ake lodawa a bayan mota. Kowace ƙungiya da wurin da aka ware mata. Duk wannan ɗawainiya saboda tauraro ɗaya ne, wanda ido ma ba ya ganinsa. An lissafa cewa a daren nan, a wani sakan sananne, wani curin dutse da ƙanƙara da ke can bayan duniyar Neftun zai gifta ta gaban tauraron ya tare haskensa, inuwar kuma ta ratsa Senegal. Curin shi ne wanda yanzu ake kira Arrokoth. A lokacin lamba kawai gare shi, 2014 MU69. Tsawonsa kusan kilomita 36, nisansa da mu ya haura kilomita biliyan 6. Madubin Hubble da ke sararin samaniya, wanda da shi aka gano curin a 2014, ɗigon haske kawai yake gani. Amma ta hanyar irin wannan husufin tauraro, an san girmansa da fasalinsa tun kafin kumbon New Horizons ya je ya ɗauko hotonsa ranar 1 ga Janairu 2019. Da hoton ya iso, sai ga shi ya dace da zanen da aka fitar daga inuwa.

Abin da nake so mu duba shi ne yadda aka yi, sannan ko mu ma muna da hanyar shiga irin wannan aiki.

Baban Khalifa:
Wa alaikumus salam. Malam, ka san ni ba na jayayya da ilimi, amma wannan da kamar wuya. Kai da bakinka ka ce Hubble ɗigo yake gani. To ƙaramin madubin da aka ɗauko a bayan mota shi ne zai ga abin da Hubble bai gani ba?

Malamin Kimiyya:
Alhaji, ai ƙaramin madubin ba curin yake kallo ba, ba zai taɓa ganinsa ba ma. Tauraron yake kallo. Aikinsa kawai ya faɗa mana yaushe hasken ya ɗauke, yaushe ya dawo.

Ka ɗauka gajimare ɗaya ne a sama, inuwarsa na tafiya a kan fili daga gabas zuwa yamma. Sai ka jera mutane daga kudu zuwa arewa, kowa da agogo. Wanda tsakiyar inuwar ta bi ta kansa zai daɗe a cikinta. Na gefe, ɗan jim kaɗan rana ta dawo masa. Na can waje bai ga komai ba. Idan ka san gudun inuwar, lokacin da kowa ya yi a cikinta ya zama tsawo ke nan. Ka zana layin kowa a takarda, a jere yadda suka tsaya, ka haɗa bakin layukan, fasalin gajimaren ya fito ko da babu wanda ya ɗaga kai. Wanda bai ga komai ba ma ya yi amfani, domin shi ya nuna iyakar da inuwar ba ta wuce ba.

Injiniya:
Bari in sa lambobi a kan bayanin Malam. Inuwar tana gudu a doron ƙasa wajen kilomita 20 da 'yan kai a sakan ɗaya. Mafi yawan gudun nan ma ba na curin ba ne, namu ne, domin duniyarmu tana zagaya rana da gudun kusan kilomita 30 a sakan, shi kuwa da yake nesa yake, tafiyarsa a hankali ce, bai kai kilomita 5 ba. To abu mai tsawon kilomita 36, ko ta tsawonsa aka yanke shi, sakan ɗaya da rabi ya gama wucewa. Shi ya sa ba a dogara da ido. Kyamara ake maƙalawa a madubin tana ɗaukar hotuna da yawa a kowane sakan, kowane hoto da tambarin lokaci daga GPS. Idan agogon mutum ɗaya ya yi kuskuren kashi ɗaya cikin goma na sakan, layinsa ya goce da fiye da kilomita 2, zanen ya lalace. A wannan aiki, agogo mai kyau ya fi babban madubi muhimmanci.

Maman Iman:
Sannunku da ƙoƙari. Malam, ina da tambaya. Inuwa ai ba kullum take daidai da girman mai ita ba. Idan ka matso da hannunka kusa da fitila, inuwarsa a bango ta fi hannun girma nesa ba kusa ba. Me ya tabbatar mana cewa inuwar da ta faɗo Senegal girmanta ɗaya da curin?

Malamin Kimiyya:
Hajiya, wannan ita ce tambayar da ta kamata. Abin da ke sa inuwar hannu ta kumbura shi ne kusancin fitila, haskenta yana bazuwa ne ta ko'ina. Tauraro kuwa nisansa ya wuce misali. Daga Arrokoth zuwa nan haske yana yin awa 6 ne. Daga tauraron da ya fi kowane kusa da rana tamu, haske sai ya yi fiye da shekara 4, kuma taurarin da ake wannan aiki da su sun ninka wannan nisa sau da yawa. Hasken da ya taso daga irin wannan nisa yana isowa ne a miƙe sambal, bai buɗewa bai tsukewa. Saboda haka inuwar da girman curin kusan ɗaya suke. Akwai ɗan dusashewa a bakin inuwar saboda yadda haske yake ɗan lanƙwasa idan ya goga gefen abu, amma a wannan nisa bai wuce kilomita ɗaya da ɗoriya ba, kuma ana sa shi a lissafi.

Wani abu da ke taɓa ni duk lokacin da na tuna: awa 6 ɗin nan yana nufin lokacin da mutanen Senegal suka ga tauraron ya ƙifta, ainihin tarewar ta riga ta faru tun da yammacin ranar. Inuwar tana kan hanya tana tahowa, su kuma suna ta kafa kayansu suna jiran ta iso.

Maman Iman:
Allahu Akbar. Na gamsu, Malam.

Kawu Direba:
Ni abin da ya ɗaure min kai daban ne. Faɗin inuwar bai wuce daga nan zuwa garin da ke gabanmu ba, duniya kuma ga ta da faɗi. Wa ya gaya musu Senegal za ta faɗo, ba Mali ko cikin teku ba?

Injiniya:
Kawu, ka taɓo inda wahalar take. Sai ka san matsayin abubuwa biyu daidai wa daida: tauraron da curin. Na tauraro, kumbon Gaia na hukumar sararin samaniya ta Turai ne ya kawo sauƙi. An harba shi a Disamba 2013, ya auna matsayin taurari fiye da biliyan ɗaya da daidaiton da ba a taɓa samu ba. Kafin Gaia, hasashen irin wannan husufi kan kauce da ɗaruruwan kilomita, har da dubbai, sai dai a kafa madubi a yi addu'a. Na curin kuma, Hubble ne ya yi ta bibiyarsa tun 2014 ana gyara lissafin hanyarsa.

Duk da haka ba a dace da farko ba. Ranar 3 ga Yuni 2017 aka jera madubai 25 a Ajantina da Afirka ta Kudu, babu wanda ya ga ƙiftawa. Ranar 10 ga Yuli aka tashi jirgin SOFIA, wato Boeing 747 mai madubi a cikinsa, a saman tekun Pasifik, shi ma ɗan guntun layi ɗaya ya samu. Sai ranar 17 ga Yuli, a yankin Patagoniya na kudancin Ajantina, wajen garin Comodoro Rivadavia, madubai 24 aka jera, 5 suka kama. Wannan daren ne ya ba da fasalin: abu mai kai biyu, kamar curi biyu da suka manne.

Malamin Kimiyya:
Kuma daren Patagoniya ya cancanci a ba da labarinsa. Lokacin sanyinsu ne, ga yankin da iska mai ƙarfin gaske, irin wadda ke girgiza madubi har tauraro ya yi ta rawa a cikin hoto. Mutanen garin ne suka kawo manyan motoci suka jera su don su tare iska. Hukumomi suka kashe fitilun titi, suka tsayar da zirga-zirga a babbar hanya na awa biyu don kada hasken fitilun motoci ya shiga kyamara. Marc Buie na cibiyar bincike ta Southwest a Amurka shi ya jagoranci aikin, amma ba don direbobi da 'yan sanda da ma'aikatan gari ba, da layuka 5 ɗin nan ba su samu ba.

Kawu Direba:
To ka ga har mu direbobi muna da rabo a ciki. Na ji daɗin wannan.

Baban Khalifa:
Na fahimci yadda ake yi yanzu, na gode. Amma ga maganata ta biyu, kuma ba da raini nake yi ba. An kwashi mutane da kaya daga Amurka zuwa Ajantina, zuwa Afirka ta Kudu, zuwa Senegal, an tashi jirgi guda, duk don sakan ɗaya. Alhali kumbon yana kan hanya, zai isa ya ɗauko hoto ƙarara. Me ya hana a yi haƙuri ya isa? Ni a ganina an kashe kuɗi ne a kan abin da za a sani ko ba jima ko ba daɗe.

Injiniya:
Alhaji, ai saboda kumbon ne aka yi. New Horizons ba tsayawa zai yi ba, wucewa zai yi da gudun kilomita 14 a sakan, sau ɗaya tak, ba juyowa. Umarni daga ƙasa sai ya yi awa 6 kafin ya same shi, saboda haka tun kafin ranar ake tsara masa inda zai juya kyamara da sakan ɗin da zai ɗauka. Idan lissafin matsayin curin ya kauce, kumbon da aka harba tun Janairu 2006 zai ɗauko hoton duhu ne kawai. Husufin ya gyara wannan lissafi. Na biyu kuma, tsaro. A irin wannan gudu, tsakuwa ƙarama ta isa ta kashe kumbo. Ana so a san ko curin yana da zobe ko tarkace kewaye da shi, domin da akwai, da tauraron ya ɗan dusashe kafin babbar ƙiftawar ko bayanta. Ba a ga komai ba, wannan na cikin abin da ya ba su ƙwarin gwiwar matsawa har kusan kilomita 3,500 da shi. Kuɗin jigilar madubai idan aka gwada da kuɗin kumbon da aikin shekara 13, ba komai ba ne.

Baban Khalifa:
Wannan hujja ce, na karɓa. Amma har yanzu ina ganin amfanin na masu kumbon ne. Mutumin ƙauyen Senegal da aka kafa madubi a bakin gonarsa, me ya samu?

Ɗan Damagaram:
Alhaji ya riga ni. Ni ma nan zuciyata take. Mun saba ganin baƙi su zo da kayansu, su ɗauki abin da suke so, su rubuta sunayensu, mu a bar mu da ɗaukar kaya da nuna hanya. Inuwa ce ta faɗo a ƙasar Senegal, dole ce ta kawo su. Da a Faransa ta faɗo, wa zai tuna da mu? Ina so a gaya mini gaskiya, 'yan Senegal ɗin masu aiki ne ko 'yan rakiya?

Malamin Kimiyya:
Ɗan'uwa, damuwarka tana kan hanya, kuma ba zan ce maka komai ya daidaita ba. Madubai na Amurkawa ne, lissafin hasashen nasu ne, kumbon nasu ne. Amma ka duba abin da ya biyo baya. Maram Kairé, shugaban ƙungiyar masu yaɗa ilimin taurari ta Senegal a lokacin, shi ya riƙe shirin daga ɓangarensu, kuma an horar da 'yan ƙasar aka sa su cikin ƙungiyoyin da suka riƙe madubai a daren. Damina ce, gajimare ya rufe wa mafi yawansu sama, wurare biyu ne suka samu layi. Waɗannan layuka biyu suka ƙara daidaita hanyar kumbon wata biyar kafin ya isa. Da aikin bai yi kyau ba, da ba a dawo ba. Amma an dawo a 2020 don husufin Polymele, aka sake dawowa a 2021 don na Orus, duwatsu biyu da ke bin hanyar duniyar Mushtari waɗanda kumbon Lucy zai ziyarta. A 2021 kuma aka sa wa wani dutsen sararin samaniya mai lamba 35462 sunan Maram Kairé. Yanzu a Senegal akwai mutanen da suka san yadda ake kafa madubi, a nemo tauraro marar haske cikin dubbai, a daidaita agogo, a ɗauki bayanai. Wannan ilimi ba ya komawa cikin akwati tare da kayan baƙi.

Ɗan Damagaram:
Na yarda an samu wani abu. Amma suna a jikin dutse bai kai madubi a hannu ba. Ranar da za mu ce an ci gaba ita ce ranar da ɗalibai a Dakar ko Yamai ko Kano za su duba jadawali da kansu, su ga inuwa za ta ratsa ƙasarsu, su fita da kayansu ba tare da jiran kowa ba, sannan su aika wa duniya sakamako.

Maman Iman:
Ni ina tare da Ɗan Damagaram a nan, amma ba na ganin maganarsa ta saɓa da ta Malam. Wanda bai taɓa riƙe abu ba ba zai san yana buƙatarsa ba. Ta wani wuri ake farawa.

Autar Gida:
Ina wuninku iyayena da yayyena. Ina karatun kimiyya ne a jami'a, wannan darasi kuma yana cikin abin da na fi so, ku ba ni dama in ƙara wani abu a kan tambayar Baba Alhaji. Arrokoth kaɗai ne a cikin ƙananan curarrakin can da kumbo ya je wa. Sauran dubbai ne, kuma babu kumbon da ke kan hanyarsu. Kusan duk abin da aka sani na haƙiƙa game da girmansu da fasalinsu, daga husufi aka same shi.

Misali Eris, ɗaya daga manyan curarrakin can. Da aka gano ta a 2005 an ɗauka ta fi Fuluto girma, rigimar da ta jawo ke nan aka cire Fuluto daga jerin manyan duniyoyi a 2006. Sai a Nuwamba 2010 ta gifta gaban wani tauraro, aka kalla daga ƙasar Chile, aka samu faɗinta kilomita 2,326. Da New Horizons ya auna Fuluto a 2015 ya samu 2,377. Ashe Fuluto ya ɗan fi ta faɗi, ita dai ta fi nauyi ne, kuma fuskarta fara ce fat shi ya sa take da haske.

Sannan yadda hasken yake ɗaukewa shi ma magana yake yi. Idan ya ɗauke farat ɗaya, curin ba shi da iska kewaye da shi. Idan ya yi ta raguwa a hankali kafin ya ɓace, akwai iska. Haka aka tabbatar Fuluto yana da iska a 1988, haka kuma aka ga Makemake, ita ma ta bayan Neftun ce, ba ta da irin wannan lulluɓi a 2011.

Malamin Kimiyya:
Madalla da Auta. Ci gaba, ki kawo musu labarin zobba, shi ne ya fi daɗi.

Autar Gida:
To Malam. Na farko shi ne Yuranus, ranar 10 ga Maris 1977. James Elliot da abokan aikinsa suna cikin jirgi mai madubi a saman tekun Indiya, niyyarsu su auna iskar duniyar. Sun kunna na'ura da wuri. Tun kafin Yuranus ta iso gaban tauraron, sai hasken ya yi ta ƙiftawa, sau da yawa a jere. Bayan ta wuce, ya sake ƙiftawa a ɗaya gefen. Abin da zai tare haske ta gefe biyu a nisa iri ɗaya, zobe ne. Ba wanda ya je neman zobe a daren.

Daga nan an ɗauka manyan duniyoyi ne kaɗai ke da zobba, sai a Yuni 2013 aka kalli Chariklo daga Amurka ta Kudu, abu ne da faɗinsa bai wuce kilomita 250 ba, yana tsakanin Zuhalu da Yuranus. Ƙungiyar Felipe Braga-Ribas ɗan Burazil ta ga zobba biyu siraran gaske, faɗin ɗaya kusan kilomita 7, ɗayan kusan 3. A Janairu 2017 kuma aka ga zoben Haumea, wani curi na bayan Neftun, daga Turai.

Wanda ya fi rikita masana shi ne zoben Quaoar, shi ma curi ne na bayan Neftun, da aka sanar a 2023. Faɗin Quaoar kusan kilomita 1,100 ne, zobensa yana wajen kilomita 4,100 daga tsakiyarsa. Akwai wata iyaka da ake kira iyakar Roche: a cikinta, jan babban jikin yana hana tarkace haɗuwa, sai su zauna a matsayin zobe. A wajenta kuwa, ya kamata tarkacen su dunƙule su zama ƙaramin wata cikin ɗan lokaci. Zoben Quaoar ya ninka wannan iyaka fiye da sau biyu, amma yana nan bai dunƙule ba. Har yanzu ana ta bincike a kai. Abin da nake so Yaya Ɗan Damagaram ya ji shi ne, cikin waɗanda suka fara ganin alamar zoben nan akwai masu sha'awar taurari a Ostareliya, da madubansu na gida.

Ɗan Damagaram:
Yawwa ƙanwata, irin wannan nake son ji. Ke nan ba sai kana da hukuma a bayanka ba.

Malam Mai Hisabi:
Assalamu alaikum. Na daɗe ina karantawa ban sa baki ba. Subhanallah, komai yana tafiya a kan ƙa'idar da aka ɗora shi, ba ya saɓawa, shi ya sa har ɗan'adam ke iya cewa ga dare ga sakan. Ina so in tuna wa matasa cewa asalin abin ba baƙo ba ne a wurin masu duban sama. Wata yana rufe taurari a tafiyarsa, wani lokaci har ya rufe Zara ko Mushtari, kuma ido yana gani ba sai da madubi ba. Na taɓa kallon tauraro mai haske yana manne da gefen wata mai duhu, ina kallonsa sai ya ɓace ɗif, ba raguwa ba komai. Duk wanda ya ga wannan sau ɗaya zai fahimci abin da Auta ta ce, cewa abin da ba shi da iska farat ɗaya yake ɗauke haske. Wanda yake son shiga wannan fanni, da wata ya kamata ya fara koyon haƙuri da riƙe lokaci.

Malam, a wane buruji wannan curin yake lokacin da aka yi aikin?

Malamin Kimiyya:
Allah gafarta Malam, a Ƙausu yake, wajen da taurari suka fi cinkoso saboda ta nan ake fuskantar tsakiyar gungun taurarinmu. Cinkoson nan ya wahalar da masu nemansa, domin gano ɗigo marar haske a cikin wannan taro aiki ne. Amma shi ne kuma ya sa aka samu husufi har huɗu cikin wata 14, tunda taurarin da zai gifta gabansu suna da yawa.

Maman Iman:
To da kumbon ya isa, me aka tarar? Kun ce zanen ya dace, amma mene ne muhimmancin curin kansa?

Malamin Kimiyya:
An tarar da curi biyu, babba da ƙarami, dukkansu a ɗan baje suke ba zagayayyu ba, sun haɗu ta wani siririn wuya. Launinsa ja-ja ne, sanyinsa wajen digiri 230 ƙasa da sifili, yana juyawa sau ɗaya a kusan awa 16, zagayen rana kuma sai ya yi kusan shekara 300. Abin da ya fi jan hankali shi ne wuyan. Babu alamar fashewa ko murƙushewa a wurin, wato ba karo suka yi da ƙarfi ba, a hankali suka matso suka jingina da juna. Tun kusan shekara biliyan 4 da rabi yake haka, sanyi da nisa sun adana shi. Da ma akwai saɓani tsakanin masana kan yadda tubalan farko na duniyoyi suka samu: ko ta hanyar karo da karo ne, ko kuwa ƙura da tsakuwa ne suka taru wuri ɗaya suka dunƙule a hankali saboda nauyinsu. Arrokoth ya ba wa ra'ayi na biyu ƙarfi sosai.

Baban Khalifa:
To mu dawo gida. Idan da gaske ne mutum zai iya da kayansa, me ake buƙata? Kada mu tashi da sha'awa kawai.

Injiniya:
Madubai da aka kai Ajantina da Senegal faɗin bakinsu inci 16 ne, wato santimita 40, saboda taurarin ba su da haske. Amma ba da irin Arrokoth ake farawa ba. Duwatsun da ke tsakanin Mirriku da Mushtari suna rufe taurari kusan kullum a wani wuri a duniya, wasunsu taurari ne masu hasken da madubi mai inci 8 zai kama, kuma ƙiftawar kan kai sakan da dama. Abin buƙata huɗu ne: madubin da zai iya bin tauraro, kyamara mai ɗauka da sauri, na'urar lokaci ta GPS, da kwamfutar hannu mai batir mai kyau. Hasashen kyauta ne a intanet. Akwai ƙungiyar IOTA ta masu auna lokacin husufi, akwai manhajar Occult Watcher da ke nuna maka waɗanda za su bi ta yankinka, akwai kuma shirin Lucky Star na Bruno Sicardy a Faris da ke fitar da na curarrakin nesa. Idan ka duba taswirorinsu za ka ga inuwoyi da yawa suna ratsa Afirka, ta wuraren da ba kowa ke kallo ba. Layi ɗaya daga Maraɗi ko Katsina yana iya zama shi kaɗai aka samu a duniya a wannan daren.

Kawu Direba:
Amma sararin namu fa? Damina gajimare, hunturu hazo.

Injiniya:
Gaskiya ne Kawu, hazo mai kauri yana kashe aikin, tauraro marar haske ba ya ratsa shi. Amma daga ƙarshen damina zuwa kafin hazo ya yi ƙarfi, wajen Oktoba da Nuwamba, sama kan wanke tas, kuma ko cikin hunturu akwai darare masu kyau. Muna da abin da Turawa da yawa suka rasa, wato duhu. Ka fita kilomita 30 daga gari ka samu saman da su sai sun yi doguwar tafiya. Kuma kusancinmu da layin da ya raba duniya biyu, arewa da kudu, ya sa muna ganin taurarin arewa da na kudu.

Ɗan Damagaram:
To ni shawarata, kada a tsaya jiran abu babba. Madubi ɗaya ba ya ba da fasali, layi ɗaya ne kawai, amma uku ko huɗu a jere suna bayarwa. Idan sashen kimiyya na jami'o'i uku ko huɗu, wasu a Nijar wasu a Najeriya, kowanne ya mallaki saiti ɗaya, aka riƙa magana da juna, an samu jeri daga arewa zuwa kudu ke nan, kuma yawancin inuwoyin nan ta gabas da yamma suke bi. A Najeriya ma akwai cibiyar kimiyyar sararin samaniya a Nsukka ƙarƙashin NASRDA, hukumar sararin samaniya ta ƙasar, ana iya tuntuɓarsu don horo.

Autar Gida:
A sashenmu akwai madubi mai inci 8 da ake fitowa da shi idan za a nuna wa ɗalibai wata. Kyamara da na'urar lokaci ne babu. Yaya Injiniya, kafin a samu, akwai abin da za mu iya gwadawa da shi haka?

Injiniya:
Akwai, Auta. Ku fara da abin da Malam Mai Hisabi ya ce. Ku saukar da manhajar Stellarium mai nuna taswirar sama, kyauta ce, ku sa mata garinku, ku duba daren da wata zai rufe wani tauraro mai haske tsakanin kwana 4 zuwa 10 ga wata, lokacin da gefensa mai duhu ne ke gaba. Ku ɗaure waya a bakin madubin da maƙali don kada ta motsa, ku ɗauki bidiyo tun minti biyu kafin lokacin. Sannan ku bi bidiyon hoto bayan hoto ku ga a wane ne tauraron ya ɓace, ku gwada da hasashen. Lokacin waya ba zai isa a aika wa IOTA ba, amma za ku koyi nemo tauraro da riƙe shi a tsakiya, wanda shi ne ke kayar da yawancin masu farawa. Ki turo mini ta akwatin saƙo irin madubin da ƙafarsa, ko mai bin tauraro da kansa ne ko sai an tura da hannu, in duba wace kyamara za ta hau kansa.